Yadda Sun Kabawa Ya Zama Bikin Argungu

Baƙon da ya sauka a filin jirgin sama na Ambursa, dab da Birnin Kebbi, ya nufi Argungu lokacin biki, abin da ya kawo shi bai fi sa'a ɗaya ba: dubban masunta su auka kogin Matan Fada, kowa da gorarsa da homarsa, suna farautar giwan ruwa.

Su tsohuwar sana'ar Kabawa ce, tun zamanin Kanta da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, yana zaune a Surame. Kuma ba a yinsa da ka. Sai an yi gyaran ruwa, sannan fashin ruwa, ranar da Sarkin Ruwa ke buɗe wa jama'a kogi. Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, sarautar Kabi ta yi ta ƙaura har ta zauna a Argungu, aka kuma ci gaba da gwabzawa da Sakkwato da Gwandu har zuwan Turawa.

Shi ya sa ziyarar 1934 ta zama abin faɗa. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafarsa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da gagarumin su. A ganina dabara ce babba. Dawaki da 'yan lifida Sakkwato na da su birjik, amma mutum ya kife kan gora, ya nutse, ya fito rungume da kifin da ya kusa kai shi tsawo, wannan sai Bakabe.

Daga nan biki ya yi ta bunƙasa. Aka haɗa da kabanci, wato tseren kwalekwale da ninƙaya da kamun agwagwar ruwa, ga dambe da kokawa. Kifin da ya lashe gasar 2005 ya kai kilo 75. UNESCO ta sa bikin cikin al'adun gado na duniya a 2016, alhali a lokacin ya daɗe a dakace, sai 2020 ya dawo.

Baƙi kan yi santin farfesun kifi da tuwon shinkafar fadama, su sayi banda su kai tsaraba. Kaɗan ne ke tambayar yadda aka yi kifin ya ƙosa haka. Ai tsawon shekara an hana su a wannan yanki na Matan Fada, sai ranar da aka harba bindigar shiga ruwa.