Daga Dandali Zuwa Littafin Soyayya: Abin da Kano Ta Rubuta Game da So da Aure

A zamanin kakanninmu, kafin boko ya shiga lunguna, saurayi da budurwa sukan haɗu a dandali da daren farin wata ko a ƙofar gida wurin zance, kuma ko da yake ba wanda ya musanta cewa zuciya tana da zaɓinta, maganar aure tana hannun iyaye da waliyyai, waɗanda suke duban asali da sana'a da zumunta kafin su dubi abin da yarinya take so. Fiƙihun Malikiyya da malamanmu suka karanta a Risala da Mukhtasar ya ba uba ikon ijbari a kan 'yarsa budurwa, sai dai al'ada ta faɗaɗa wannan iko har ya wuce haddin da malamai suka gindaya masa, ya zama abin da jama'a suke kira auren dole, wanda sau da yawa ƙarshensa yaji ne, ko gaban alƙali neman hul'i.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. Na farko finafinan Indiya, waɗanda Kwarori masu gidajen silima suka riƙa kawowa Kano tun wajen shekarun 1950, inda matasa suka ga saurayi matalauci da 'yar mai dukiya suna jayayya da hukuncin iyaye, suka ce ai wannan halinmu ne. Na biyu shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya sa dubban 'yan mata suka iya karatun boko, alhali babu wani abin karantawa da Hausa da yake magana a kan damuwarsu.

Da kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, sai ga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, labarin budurwa Bafulatana da ta tsaya a kan wanda take so. Bayan haka tattalin arziki ya taɓarɓare, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, marubuta kuwa suka ɗauki rubutunsu suka kai wa ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, ana sayarwa a kasuwa, ana bayarwa haya, ana karantawa a gidajen rediyo, har matar da take cikin kulle, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta san sunayen taurarin labari kamar 'yan ɗakinsu. A farkon shekarun 1990 Ado Ahmad Gidan Dabino, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama, ya fitar da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya 'yar masu hali ta ƙi attajirin da aka zaɓa mata saboda Muhammad wanda ba shi da komai, har ta faɗa rijiya. Masana a jami'a suka raɗa wa waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, kuma ba da nufin yabo ba.

A ganina masu suka sun yi gaskiya a wuri guda, sun kuma yi kuskure a wuri mafi girma. Kuskurensu shi ne ɗaukar littattafan a matsayin lalata tarbiyya, alhali mafi yawansu hujja suke kafawa, da aya da hadisi, cewa neman yardar yarinya kafin a ɗaura mata aure yana cikin addini. Gaskiyarsu kuwa ita ce da yawa daga cikin labaran nan suna rufewa ne ranar da aka shafa fatiha, ango yana da mota, amarya tana da gida mai bene, kamar dai wahalar duniya duka ta ƙare da rabon goro. Ba a gaya wa mai karatu abin da zai faru ranar da kuɗin cefane ya gaza, ko uwar miji ta sa baki, ko aka fara jin ƙishin-ƙishin ɗin kishiya, wato dukan abin da tsofaffi suke nufi idan suna yi wa amarya nasiha da haƙuri a daren kai ta ɗakinta.

Wadda ta buɗe wannan ƙofa ita ce Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙaramar yarinya, auren kuma bai ɗore ba. Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, ya fara ne daga inda sauran suke tsayawa: Rabi da 'ya'yanta cikin gidan ɗan kasuwa mai tauye nafaƙa, wanda ya kore ta saboda sabuwar amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaran. Babu wasiƙar soyayya da za ta yi wa irin wannan mata magani, kuma matan Kano sun gane maƙwabtansu a cikinta.

Hukuma ta zo daga baya, da wuta a hannu ɗaya da sadaki a ɗayan. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan da aka karɓe daga ɗalibai mata, aka kuma tsananta tace rubutu. A 2012 kuwa, da yawan zawarawa ya zama abin magana a kowane mumbari, Hukumar Hisba ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta fara auren gayya da ma'aurata 100, a 2013 aka ɗaura na 1,111 a rana guda, gwamnati ta biya sadaki, ta sayi gado da katifa, ta ba amare ɗan jarin sana'a, aka kuma shardanta wa angwaye cewa kada wanda ya furta saki sai ya fara kawo ƙorafinsa gaban hukumar.