Zoben riƙe bik: mene ne shi, kuma wa yake yi wa amfani?

Zoben riƙe bik ƙaramin maɗauri ne da ake sanyawa a yatsa, yana da kafa ko maƙali a gefe inda ake zura abin rubutu. Mai shi na iya buɗe hannu ya ƙirga kuɗi, ya ɗaga buhu ko ya amsa salula, bik ɗin na nan kwance a bayan yatsa bai faɗi ba. Yawanci da roba mai laushi ake yin sa, wadda ake kira silikon, akwai kuma na roba mai tauri, na ƙyalle mai talewa da na fata. Wanda ya san zoben nan da ake mannawa a bayan salula domin kada ta suɓuce, ya riga ya gane dabarar.

Iri biyu ne manya, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na farko na ajiya ne kawai, yana tsare bik a hannu tsakanin rubutu da rubutu, in an tashi rubutawa sai a juyo shi ya shiga tsakanin babban yatsa da manuni kamar kullum. Na biyu na tallafi ne, shi ke ɗaukar bik ɗin a lokacin rubutun kansa, ta yadda yatsu ba sa bukatar matsawa. Akwai danginsu da ba na rubutu ba, kamar ɗan matashin da tela ke sa wa a yatsa yana soka allurai, da mai maganaɗisu wanda ke kama ƙananan kusoshi, irin abin da mai gyaran salula ko agogo zai so.

Matsalar ta girmi bik

A ƙasar Damagaram, neman inda za a ajiye abin rubutu ya daɗe. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, birnin Damagaram na kan hanyar ayarin da ke haɗa Kano da Agadas har zuwa Tarabulus. Ta wannan hanya takarda ke shigowa, ciki har da takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda har yau ake samu a tsofaffin littattafan malamai. Fada na da marubuta, fatake na da lissafi, kuma kowane malami na da kayan aikinsa da hanyar tsare su.

Alƙalamin malam na kara ne ko na gamba, ana fiƙe bakinsa da wuƙa a tsaga shi kaɗan domin ya riƙe tawada. Ba ya shiga aljihu da danshi, sai ya ɓata riga. Shi ya sa mazauninsa kurtun tawada ne, wato ɗan ƙaramin duman nan mai igiya da ake ratayewa, ko kuma bayan kunne idan malam ya tsaya duba allon wani almajiri. Littafi na da gafaka, jakar fata mai maratayi. Wanzami na da zabira mai aljihu da yawa, inda aska da ƙaho da hantsaki kowanne ke da wurinsa, har yakan zaro abin da yake so ba tare da ya duba ba. Kwalli na da tandu. Duk waɗannan aikin dukawa ne, kuma dukawan Damagaram sun yi suna tun da can. Majema na jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, kuma irin wannan fata ce ke ƙetare hamada har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko, alhali daga ƙasar Hausa da yawanta ke fitowa.

Abin lura shi ne duk waɗannan kaya ana rataya su ne a kafaɗa, a wuya ko a ƙugu. Wanda ke zama a kan yatsa a cikin kayan sana'a na gargajiya kusan guda ne, wato safi, hular ƙarfen da mai ɗinkin hannu ke sa wa yatsa domin tura allura. Shi ma aikinsa kare yatsa ne, ba ya ajiye komai.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, birnin kuma ya zama hedikwatar mulkinsu daga 1911 har zuwa 1926 da aka mayar da ita Yamai. Da su aka samu lakwal da ofis da alƙalamin ƙarfe mai tsomawa a kwalba. Alƙalami mai ɗan ƙwallo a baki ya zo daga baya. Wani ɗan jaridar Hungari mai suna László Bíró ne ya yi rajistar ƙirarsa a 1938, sannan Marcel Bich ya fito da Bic Cristal a Faransa a 1950, mai araha, wanda zuwa yau aka sayar da fiye da miliyar 100 a duniya. Daga sunayen mutanen nan biyu ne Hausa ta samu kalmomi biyu na abu ɗaya. Ɗan Damagaram na cewa bik, ɗan uwansa na Daura, da ke ƙetaren iyaka kaɗan, na cewa biro.

Bik ya zo da nasa maganin ajiya, wato maƙalin da ke jikin marfinsa. Sai dai an yi maƙalin ne domin aljihun ƙirji na rigar Turawa. Babbar riga aljihunta mai zurfi ne, mata da yawa kuwa suturarsu ba ta da aljihu sam. Daga nan aka koma tsoffin dabaru: bayan kunne, gefen hula, cikin ɗankwali, tsakanin haƙora, ko a ɗaure bik da zare a jikin kaye kamar yadda masu kanti ke yi.

Inda ake jin bukatarsa

Garagumsa ƙaramar hukumar karkara ce a jihar Damagaram, mazauninta Takeita, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Damagaram. A Takeita ne hanyar Matamaye mai zuwa Kano ke rabuwa da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, saboda haka gari ne na tasha da lodi da awo. A irin wannan wuri ne ake ganin mutanen da hannunsu biyu ke aiki amma dole su yi rubutu kowane minti: mai sayen wake da gero da ke ƙirga tiya yana sa wa buhu alama, kamashon tasha mai rubuta sunayen fasinja da kuɗi a ɗaya hannun, mai karɓar harajin kasuwa da tikiti, mai shagon tura kuɗi. Haka ma ma'aikatan rigakafin shan inna masu bi gida gida, waɗanda ke ɗiga magani a bakin yaro, su shafa masa alama a ƙaramin yatsa, su cika takarda, su rubuta lamba da alli a jikin bango, duk a tsaye.

Ga waɗannan, zoben ajiya na rage wahala kaɗan, amma gaskiya ba abin da zare da aljihu ba za su yi ba. Wanda bik ɗinsa ke ɓata sau uku a yini zai ji daɗinsa. Wanda kunnensa ya saba, ba lalle ne ya canza ba.

Nau'i na biyu, na tallafi, shi ne mai muhimmanci, domin akwai mutanen da in babu shi ba za su yi rubutu ba ko kaɗan. Riƙe alƙalami na bukatar yatsu uku su haɗu su matsa, babban yatsa da manuni da na tsakiya. Cututtuka da dama na hana wannan. Amosanin gaɓɓai na kumbura mahaɗan yatsu har matsawa ta zama azaba. Shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa, na barin hannu ba ƙarfi. Akwai rawar hannu ta tsufa, akwai wanda injin niƙa ko haɗarin babur ya ɗauke wa yatsa, akwai yaron da aka haifa da nakasar hannu.

Sai kuma kuturta. Ƙwayar cutar na lalata jijiyoyin da ke ba hannu ji da motsi. Idan ta taɓa jijiyar da ke bi ta gwiwar hannu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan lanƙwashe. Idan ta kai ga ta tsakiyar wuyan hannu, babban yatsa ya daina juyowa ya fuskanci sauran, kuma daga nan riƙon alƙalami ya ƙare. Maganin kuturta kyauta ne a duniya tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 zuwa 12. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta dawowa. Asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa a 1956, ya shafe shekaru yana kula da irin waɗannan hannuwa. Mutum ya warke sarai, ya iya karatu da rubutu, amma a banki ko a ofishin magajin gari sai a miƙo masa tawada ya dangwala yatsa kamar wanda bai taɓa shiga aji ba. Wani ma yatsan dangwalawar babu.

Masu koyar da motsa gaɓɓai a asibitoci na da kayan da suka dace da kowane mataki. Idan yatsu na motsi amma ƙarfi ne ya ragu, wani lokaci ƙara wa bik kauri kawai ya isa, a naɗe shi da ƙyalle ko a zura shi cikin guntun soso. Idan babban yatsa ne ya gaza, zoben da ke ɗaure bik a jikin manuni na maye gurbinsa, rubutun kuma ya koma fitowa daga wuyan hannu. Idan yatsun duka sun tafi, sai a yi amfani da maɗauri mai faɗi da ke zagaye tafin hannu, da ɗan aljihu a ciki. Wannan aljihu na karɓar bik, yana karɓar cokali, yana karɓar buroshin haƙori. Rubutun farko kan fito a karkace, kuma yakan ɗauki makonni kafin hannu ya saba.

Baduku zai iya

Ba dole ne a jira na kanti daga Kano ko daga Sin ba. Duk badukun da ke ɗinka laya da kube da zabira a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a kasuwannin ƙauye zai iya yin wannan cikin ɗan lokaci, in an yi masa bayani. Ana bukatar tsiri na fatar akuya mai laushi, faɗinsa kamar santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. A auna shi a gindin yatsan mai shi, ya zauna ba ya juyawa amma yana fita ba da ja ba. Sannan a ɗinka masa ƙaramar kafa daidai kaurin bik. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne kwanciyar kafar. Idan ta miƙe daidai da yatsa, bakin bik ba zai taɓa takarda da kyau ba. Gara mai shi ya ɗora hannu a kan takarda yadda ya fi masa sauƙi, a riƙe masa bik ɗin a inda ya dace, a yi alama, kafin a sa allura. Ɗinkin kuma ya kasance a waje, gefen da ke taɓa fata ya zama sumul.

Wasu kan yanka tsohuwar robar cikin tayar keke ko ta babur su yi da ita. Tana riƙo, ba ta da tsada, amma a zafin bazara tana tara gumi, tana kuma matse yatsa fiye da kima. Fata ta fi ta numfashi, sai dai in ta jiƙe ta bushe takan yi tauri, saboda haka a cire ta kafin alwala da wanki, a riƙa shafa mata ɗan mai.

Hattara

Yatsa na kumbura da rana, musamman lokacin zafi, abin da ya yi daidai da safe na iya matsewa da azahar. Idan kan yatsa ya canza launi, ya yi sanyi ko ya fara tsira, a cire nan take.

Haɗarin ya fi girma ga hannun da ba ya ji, kamar na wanda ya yi kuturta ko mai ciwon suga da ya daɗe. Mai lafiya zai ji zafi ya cire. Shi kuwa ba zai ji komai ba har sai fata ta saluɓe, kuma irin wannan ƙaramin rauni ne ke zama gyambo, gyambon kuma shi ke cin yatsa. Saboda haka ya riƙa cirewa yana duba wurin da ido bayan kowane ɗan rubutu, kuma ya fara nuna wa ma'aikacin lafiya kafin ya mayar da shi na kullum.

Zobe mai tauri, na ƙarfe ko na roba mai ƙarfi, bai dace da mai aiki kusa da inji ko mai hawa da sauka a bayan babbar mota ba. In ya maƙale a ƙugiya ko a ƙarfen bodi, yana iya tafiya da fatar yatsa gaba ɗaya. Ɗan kabu-kabu ma ya cire shi kafin ya kama birki. Ga ma'aikatan asibiti kuwa, ƙa'idar wanke hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ba ta son zobe a hannun mai taɓa majinyaci, domin ƙwayoyin cuta na taruwa a ƙarƙashinsa. Zai yi wa mai cika rajista a teburin karɓar baƙi amfani, amma ba mai wankin ciwo ko ungozoma ba.

A gidan da ke da ƙananan yara, a ajiye shi inda hannunsu ba ya kaiwa, domin girmansa daidai maƙogwaro ne. Irin wannan tsoro ne ya sa tun 1991 kamfanin Bic ke huda ƙaramin rami a saman marfin bik, domin iska ta samu hanya idan yaro ya haɗiye shi.