Ɗagel: ƙauyen da Shehu ya karantar

Ɗagel, wanda littattafan boko ke rubutawa Degel, ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Gwadabawa ta Jihar Sakkwato, kusa da Cimmola, arewa da birnin Sakkwato. A ƙarni na 18 yana cikin ƙasar Gobir, wadda hedkwatarta ke Alƙalawa, can gabas a bakin gulbin Rima. A nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi, a nan ya kafa makarantarsa, daga nan kuma ya yi hijira a 1804. Ɗagel bai taɓa zama birni ba. Ba a san shi da ganuwa ko fadar sarki ko babbar kasuwa ba, da malamai da almajirai kaɗai aka san shi.

Asali

Dangin Shehu Toronkawa ne, Fulani masu karatu, zuriyar Musa Jakollo wanda ya taso daga Futa Toro ya zauna a ƙasar Ƙwanni. Daga Ƙwanni iyalin suka koma Maratta, a Jamhuriyar Nijar ta yau, inda aka haifi Shehu a watan Disamba 1754. Yana ƙarami mahaifinsa, Malam Muhammadu Fodiyo, ya dawo da gidansa Ɗagel. Kalmar fodiyo a Fulatanci malami take nufi, ke nan sunan da duniya ta san Shehu da shi laƙabin karatun mahaifinsa ne. A hannun wannan mahaifi ya karanta Alƙur'ani, sannan ya bi malamai irin su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo, ya kuma je har Agadas wajen Malam Jibrila ɗan Umaru.

Makarantar Ɗagel

Shehu ya fara wa'azi wajen 1774, yana ɗan shekara 20. Daga nan zuwa hijira shekara 30 ne, kuma a ganina su ne ainihin tarihin Ɗagel, su ne kuma aka fi tsallakewa idan ana ba da labarin jihadi. Ɗan makaranta zai kawo maka sunan Tabkin Kwatto da Alƙalawa ba tare da ya yi tunani ba, amma ka tambaye shi abin da aka yi shekara talatin ana yi kafin a zare takobi, sai ya yi shiru.

Karatu ake yi. Irin karatun zaure ne da har yau ba a daina ba: malami a kan buzu, ɗalibi ya buɗe littafinsa ya karanto layi, malam ya fassara ya warware, na gefe suna saurare har layi ya zo kansu. Yara na can da allunansu, manya na kan fiƙihu da tauhidi da nahawu da tafsiri. Babu injin ɗab'i, saboda haka duk littafin da ɗalibi ke so sai ya zauna da alƙalamin kara da tawada ya kwafe shi da hannunsa, takarda kuwa daga ƙetaren hamada fatake ke kawo ta, da tsada. Wanda ya gama kwafa ya haɗa warƙoƙin a tadarishi ya zura a gafaka. Da haka littattafan Shehu suka bazu, ɗalibi ya koma garinsu da kwafinsa, wani ya kwafa daga nasa.

Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri yadda mahaifinsa ke fitowa daren Juma'a ya yi wa jama'a wa'azi. Da Larabci Shehu yake rubuta wa malamai, amma makiyayi da manomi da harshensu yake yi musu magana, ya kuma tsara musu waƙoƙi da Fulatanci, wasu aka mayar da su Hausa, don wanda bai iya karatu ba ya haddace hukuncin alwala da salla yana tafe bayan shanunsa. A wannan zamani ne ya rubuta Ihya'us Sunna, wajen 1793, littafin da ke bin ibada da mu'amala babi babi yana rarrabe sunna da bidi'a.

Mata ma suna cikin karatun, kuma wannan ya jawo masa suka. Lokacin da yake yawon wa'azi a Zamfara, inda ya shafe kusan shekara biyar, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, hujjarsu kuwa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi zuwansu wurin wa'azi muni. A cikin gidan da ke da wannan ra'ayi aka haifi 'yar Shehu, Nana Asma'u a Ɗagel wajen 1793, ita da abokin tagwaicinta Hassan. Tana da kimanin shekara goma aka bar ƙauyen, amma tarbiyyar da ta samu a nan ita ce ta haifar da tsarin 'yan taru da jajis da ta kafa daga baya don karantar da matan karkara.

Gidaɗo ɗan Laima, mijin Asma'u kuma Wazirin Sakkwato, ya yi wa tarihi babban alheri a littafinsa Raudul Jinan, domin ya lissafa mutanen da ke kewaye da Shehu: abokai, maƙwabta, ladanai, marubuta, masu hidima. Daga irin wannan lissafi ne mutum ke gane cewa Ɗagel unguwa ce ta mutanen da suka san juna ido da ido, cikinsu har da aminin Shehu, Umaru Alkammu.

Ɗagel da fadar Gobir

Shehu ya daɗe yana nesa da ƙofar sarakuna. Haɗuwarsa da ta fi shahara ita ce wadda ya yi da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, ranar Babbar Salla, wajen 1788. Bawa ya yi wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓar tasa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi kira zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Bayan wannan sai Ɗagel ta zama kamar tsibiri a cikin Gobir, mutane na ta kwararowa, har mabiyan suka sami sunan da ya bi su, Jama'a.

Sarakunan da suka biyo baya ba su ga abin da idon Bawa ba. Nafata ya yi shela cewa ban da Shehu kada wanda ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Ɗansa Yunfa, wanda ya hau gadon wajen 1802, ya ƙara matsawa. Ana ba da labarin cewa ya kira Shehu Alƙalawa ya ɗana masa bindiga, ta tashi ta ƙone Yunfa shi kansa.

Abin da ya fasa ƙwai shi ne Gimbana. Wani almajirin Shehu, Abdussalami, ya ƙaura da mutanensa zuwa can don gudun fitinar Gobir. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa ta afka wa garin, ta kamo mutane, ta biyo da su ta kusa da Ɗagel a ɗaure. Mutanen Ɗagel suka ga 'yan'uwansu da suka yi karatu tare ana kora su kamar dabbobi, suka tare hanya suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kawai ya bar sauran. Shehu ya ce ba zai rabu da Jama'arsa ba, zai dai bar wa sarki ƙasarsa.

Hijira

Ranar 21 ga Fabrairu 1804, cikin watan Zulƙida 1218, aka tashi daga Ɗagel aka nufi Gudu, yamma, a bakin iyakar Gobir. Rani ne, ruwa na wuya a wannan yanki. Wani Buzu mai suna Agali na cikin waɗanda suka taimaka da raƙuma, kuma cikin kayan da aka ɗaura musu har da littattafan Shehu. A Gudu, ƙarƙashin itacen faru, aka yi wa Shehu mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. A watan Yuni aka gwabza da rundunar Gobir a Tabkin Kwatto, Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya gina Sakkwato a 1809. Shehu ya zauna Gwandu, ya zauna Sifawa, ya rasu a Sakkwato a 1817. Bai sake komawa Ɗagel da zama ba.

Abin da mai ziyara zai gani

Ginin ƙasa da na kara ba ya jure damina ɗari biyu, don haka wanda ya je yana neman gidajen wancan zamani a tsaye ba zai same su ba. Abin da ke kai mutane shi ne kabarin Malam Muhammadu Fodiyo, da wuraren da mutanen gari ke nunawa a matsayin gurbin gidan Shehu da inda yake karantarwa. Masu ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato da kabarin Bello a Wurno sukan ƙarasa nan su yi addu'a. Kewayen kuwa ƙasar gero ce mai rairayi, da gawo da aduwa jefi-jefi, kuma idan aka yi girbi aka kwashe kara ido na kaiwa nesa sosai. Tsayawa a wannan fili na sa mutum ya fahimci abin da ya sa Shehu ya zaɓi tashi: wuri ne buɗaɗɗe, ba inda za a fake wa dawakin Gobir.

Cimmola da ke maƙwabtaka da Ɗagel ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, jikan Shehu, ya zauna don tsare arewacin daular daga hare-haren Gobirawa, a can kuma ya rasu a 1866. Ɗansa Muhammadu Maiturare shi ya kafa Gwadabawa, daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924.