Wa Ke Gwada Ɗan Wasa? Daga Dandalin Ƙasar Ruma Zuwa Samaru

Idan azumi ya kwana goma, an sha ruwa an yi asham, yara kan fito da kayan da suka daɗe suna ɓoyewa: audugar da za a manna a haɓa ta zama gemu, tsohuwar rigar kaka, gwangwanin madara da zai tsaya a matsayin ganga, toka da gawayi na shafa fuska. Kafin a bar ƙofar gida sai an raba gardama guda, wato wa zai zama tsohon. Wannan ya karɓi sanda ya duƙa, ya yi tari, ya ja ƙafa, abokai su ce bai iya ba, tafiyarsa ta yaro ce. Wancan ya fizge sandar, ya karkace baki, ya kama makyarkyata har gemun ya kusa faɗuwa, kowa ya tuntsire da dariya. Magana ta ƙare. Shi ne tsoho bana, shi ne baɗi, har ranar da muryarsa ta buɗe ya bar wa ƙannensa.

Da haka ake tantance ɗan wasa a Batsari da Ruma da Wagini, a Safana da Runka da Zakka, kamar sauran garuruwan ƙasar Katsina, tun ba a san akwai makarantar da ake koyon wasa a cikinta ba. Alƙalan gwajin matan gida ne. Ayarin da ya sa su dariya ya fita da gero cike da ƙwarya, wanda bai iya ba a ce masa Allah ya ba da haƙuri. Ba a ɗaukaka ƙara.

Wannan wasa na tashe aji ɗaya ne kawai. Babban ajin shi ne kalankuwa, wasan samari da 'yan mata bayan an kawar da amfanin gona. A nan ana kafa gwamnati sukutum: sarki da fadawansa, alƙali, likita, 'yan doka, a zamanin baya-bayan nan har da gwamna da kwamishinoni. Ana aika goron gayyata ƙauyukan maƙwabta, baƙi su zo a sauke su kwana da kwanaki. Ba a naɗa mutum alƙalin kalankuwa don gidansu na da arziki. Sai wanda zai iya ɗaure fuska ya ci tarar saurayi saboda ya taka inuwar sarauniya, jama'a na faɗuwa don dariya shi ko gezau. Wanda aka naɗa ya kasa, baɗi ba ya ganin rawanin.

Ga masu son abin ya zama sana'a kuwa, hanya ɗaya ce: bin ubangida. Yaro ya liƙe wa makaɗi ko ɗan kama, ya ɗauki kaya, ya kama amshi daga baya, ya shekara yana saurare. Wata rana a gidan biki muryar wani ta dushe, maigida ya waiwaya ya ce masa ya matso gaba. Ranar ce jarrabawarsa, kuma ba a sanar da shi ba. Sai dai wannan hanya tana da tsada a idon jama'a, domin a ƙasar Hausa an daɗe ana lissafa kiɗa da wasa cikin roƙo. Ɗan malami ko ɗan sarauta zai yi tashe yana yaro, amma ya girma ya ce da wasa zai ci abinci, wannan kuma sai an zauna da dangi.

Makarantar boko ce ta fara ɗauke wasa daga dandali ta kai shi ɗaki. A shekarun 1930 aka buga wasanni shida na Hausa waɗanda Rupert East ya shirya don 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya riƙa shirya wasannin da ke zolayar masu mulki. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada ya rubuta Uwar Gulma, Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna a 1979. Waɗannan littattafai sun shiga ajin Hausa na sakandare, kuma ta kansu ne yaran karkara da yawa suka fara ganin an rubuta wasa a takarda, da sunan ɗan wasa a gefe da maganarsa a gaba. Ƙungiyar dirama ta makaranta ta zama sabon wurin gwaji. Malamin Hausa ya miƙa littafi, ya ce kowa ya karanta shafi guda da ƙarfi, ya zaɓi masu murya. A makarantar maza zalla kuwa, akan sha fama kafin a sami wanda zai yarda ya ɗaura ɗankwali.

Jami'a ta shigo maganar ne daga Kudu. A farkon shekarun 1960 Jami'ar Ibadan ta buɗe makarantar koyon wasan kwaikwayo, ta farko irinta a Nijeriya. Arewa ta jira har 1975, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da darasin a ƙarƙashin sashen Turanci, bisa jagorancin wani Bature, Michael Etherton. Tare da shi akwai Brian Crow, sannan 'yan ƙasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, waɗanda suka riƙe aikin bayan Turawan sun tafi.

Ɗakin wasan da aka gina musu a harabar jami'ar da ke Samaru ya isa a tsaya a kansa. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, wanda ke koyarwa a jami'ar a lokacin, shi ya tsara shi, aka kammala a 1976. Bai kwaikwayi manyan ɗakunan wasa na Turai masu labule da kujeru jere ba. Da jar ƙasa aka gina shi, da hannun magina Hausawa, katanga da zanen gargajiya, zagayayyun ɗakuna masu jinka sun kewaye fili a tsakiya, sama a buɗe. Ɗan Safana da zai leƙa ciki ba zai ji baƙunta ba, zai ga kamar tsakar gidan wani mai hali ne a garinsu. Masu kallo na iya zama ta kowace fuska, kamar yadda ake kewaye 'yan dambe. Ginin kansa hujja ce cewa waɗanda suka kafa darasin sun san inda wasan Hausa ya fito.

Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne wanda ya ziyarci wani. A ƙasashen Turai da Amurka, ɗalibi ne ke tattaki zuwa makaranta. A Zariya ta shekarun farko, makarantar ce ta yi tattaki zuwa ƙauye. A 1977, ana tsakiyar shirin gwamnatin Obasanjo na ciyar da ƙasa, malamai da ɗalibai suka shiga ƙauyukan Soba, suka zauna da manoma suna jin kukansu kan taki da bashi da jami'an da ke tsakaninsu da gwamnati. Suka koma suka ƙulla wasanni da Hausa, suka dawo suka nuna a dandali. Aka kira shi Wasan Manoma. A 1979 aka yi irinsa a Maska, wadda a yau take cikin Jihar Katsina kusa da Funtuwa, sannan Bomo da ke bayan jami'ar. Tun ba a yi nisa ba masu shirin suka gane cewa bai isa ɗalibi ya zo ya yi wa manomi wasa a kan rayuwarsa ba. Gara manomin ya shiga fili da kansa. Da aka ba su dama, sai ga mutanen da ba su taɓa zama a aji ba suna kwaikwayon dagaci da malamin gona yadda ɗalibin digiri bai isa ba. Ba abin mamaki ba ne, kalankuwa ta riga ta horar da su. Wannan salo na amfani da wasa don tattauna matsalolin al'umma shi ya fitar da sunan Zariya a Afirka da wajenta.

To amma ƙofar shiga sashen ba ta bi ta dandali ba. An kafa JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, a 1978, kuma tun daga nan takarda ce ke yanke hukunci. Mai neman gurbin karatun wasan kwaikwayo yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, ciki har da Turanci da Adabin Turanci, sannan ya rubuta adabin a JAMB. Tantancewar da jami'o'i suka ƙara a 2005 ita ma galibi tambayoyi ne da amsa, ba a cewa kowa ya tashi ya yi wasa. Daga 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da ya fi kowa iya tsoho a unguwarsu zai tashi da asuba ya shiga mota zuwa Katsina ko Dutsin-Ma, ya zauna gaban allon da bai saba da shi ba, ya ɗora yatsa kan na'ura a duba zanensa, ya amsa tambaya kan wani littafin Ingila. Babu wanda zai ji muryarsa. Idan kuma makarantarsu ba ta da malamin adabi, ƙofar ta rufe tun yana aji huɗu, bai ma san an rufe ba.

Kwatanta wannan da makarantun koyon wasa irin su RADA ta Landan, wadda aka kafa a 1904, ko Juilliard ta birnin New York. A can mai nema zai haddace jawabai, ɗaya daga tsofaffin wasanni irin na Shakespeare, wani daga na zamani, ya tsaya gaban malamai ya yi. Wanda ya burge a sake kiran sa zagaye na biyu, na uku, ana ragewa har a tsaya kan 'yan kaɗan. A Amurka iyaye kan ɗauki ɗansu su zagaya makarantu, su leƙa aji, su kalli wasan ɗalibai kafin a zaɓa. Tsarin yana da nasa zalunci, domin kuɗin mota da masauki da na gwajin kansa sukan tace talaka tun kafin ya buɗe baki. Amma ta fuskar abin da ake aunawa, ya fi kusa da gwajin tashe fiye da JAMB. A nan gida, gwajin fili yana zuwa ne bayan an shiga, lokacin rabon matsayi a wasan zango, kuma ba kowane ɗalibin ajin ne ya nemi sashen ba. Wasu lauya suka so zama, maki ya gaza, aka turo su.

Shi ya sa tarihin fitattun 'yan wasan Hausa kusan duk ya bi ta bayan jami'a. Usman Baba Pategi soja ne kafin duniya ta san shi da Samanja. Rabilu Musa Ibro aikin gidan yari ya yi. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa a 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano, da ƙungiyoyin dirama irin su Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990, su ne suka yi aikin tantancewa. Tsarinsu kuwa na makaɗa ne da aka sauya wa riga: ka bi furodusa, ka riƙe fitila, wata rana a ce ka matso. Sai da tashar Arewa24 ta zo a 2014 da dogayen shirye-shirye irin su Daɗin Kowa ne matasa da yawa suka saba da jin an yi shelar gwaji, a bi layi, a ba ka takarda, ka yi gaban kyamara. Yanzu akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai cibiyar koyon aikin fim a Jos, amma takardar shiga ita ce dai.

A Batsari da Safana kuma wani abu ya faru da ya fi JAMB nauyi. Ƙananan hukumomin biyu suna bakin dajin Rugu, kuma shekarun hare-haren 'yan bindiga sun cinye dare, wanda shi ne lokacin wasa. Ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya aika goron kalankuwa. Uwar da ta ji ƙarar babura jiya ba za ta bar ɗanta ya bi gida-gida da gemun auduga ba. Bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 an rufe makarantun kwana na wani lokaci, a Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu. Makarantar da ke fafutikar ganin ɗalibai sun zo aji ba ta da sukunin ƙungiyar dirama, balle hayar mota zuwa Zariya. Abin da ya rage wa masu baiwa shi ne waya: gajeren barkwanci a TikTok ko Facebook, inda alƙalan suka koma masu danna alamar so, idan akwai sabis.

Ɗakin jar ƙasa na Samaru yana nan, ɗalibai na wasa a cikinsa, kuma daga Safana ta Dutsin-Ma da Funtuwa tafiyar yini guda ce. Shugabannin sakandare na yankin da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai za su iya haɗa kuɗin mota ɗaya a shekara, su kai 'yan aji uku su kalli wasa a can kafin su zaɓi darussan da za su ɗauka a babbar sakandare. Hukumar ilimi ta jiha ta tura malaman adabi makarantun karkara. Malaman Zariya da na Kano kuwa, da suka gaji aikin Soba da Maska, idan hanya ta yi kyau su tuna akwai ƙasar Ruma, su zo da kaka, su zauna cikin 'yan kallo.