Tarihin Gano Rufewar Kuromosom X da Gudummawar Ibadan

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Mace tana da kuromosom X biyu, namiji kuwa ɗaya. To, me ya hana jikinta ninka abin da X ke samarwa?

A 1961 Mary Lyon, a Harwell ta Ingila, ta yi nazarin dabbare-dabbaren gashin ɓeraye mata, ta ce tun ana tayi kowace ƙwayar jikin mace takan rufe X ɗaya, ko na uwa ko na uba. A 1962 Ernest Beutler ya tabbatar da haka a jinin matan da suka gaji ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ƙwayar gadonsa ke kan X.

Wannan ƙaranci ba baƙo ba ne gare mu. Shi ne ke sa jinin wasu jarirai ya farfashe su kamu da shawara idan an sa kafur cikin tsummokaransu, a Gonin Gora ko wani wuri, kuma ya fi kama maza tun da X ɗinsu ɗaya ne. A 1969, a Ibadan, Lucio Luzzatto da Essien Usanga da S. Reddy suka duba matan da suka gaji ƙarancin ta gefe guda, wato masu jajayen ƙwayoyin jini iri biyu a jiki ɗaya. Suka tarar ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro sun fi yawa cikin lafiyayyun. A ganinmu bai kamata mu koyar da Lyon mu tsallake wannan aiki ba.

Duk da haka ba a san makullin ba sai 1991, da Carolyn Brown da Huntington Willard suka gano XIST. Wannan ƙwayar gado ba ta haifar da furotin. RNA kawai take fitarwa, mai harafi wajen 17,000, wanda yakan lulluɓe kuromosom ɗin da ya fito daga gare shi, ya jawo furotin na Polycomb su yi wa kuromatin alama, wato zaren DNA da abin da yake naɗe a kai, har ya dunƙule ya kasa karantuwa. Dunƙulen nan ne Murray Barr da Ewart Bertram suka gani a ƙwayoyin jijiyar kyanwoyi mata a Kanada tun 1949.