Majalisar Tsibirin Paxos

A 1990 masanin kimiyyar kwamfuta Leslie Lamport ya aika maƙala zuwa wata mujallar kimiyyar kwamfuta a Amurka. Tambayarsa: idan kwamfutoci da yawa na riƙe da bayanai iri ɗaya, sai ɗaya ta mutu ko layi ya katse, yaya sauran za su kauce wa saɓani?

Ya saƙa amsar cikin labarin majalisar tsibirin Paxos na Girka, inda ba a zartar da doka sai mafi rinjaye sun amince; haka su ma kwamfutocin za su yi. Masu tantancewa na mujallar ba su ga muhimmancin maƙalar ba. Abin takaici, sai 1998 aka buga ta.

Daga baya Google ya ɗora tsarinsa na Chubby kan wannan dabara, ya bayyana shi a 2006.