Dogon da ya daɗe bai iso mu ba

A zamanmu na makon jiya wani dattijo ya ambaci "ƙaramin jirgin Bauchi", sai matasa suka yi ta kallon juna. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗan tono tarihinsa, don da shi aka fara doguwar jiran da Borno ta yi wa jirgin ƙasa.

Turawan mulki ne suka shimfiɗa shi daga Zariya, ya bi ta Rahama, ya hau tsaunukan Jos har Bukuru a 1914, tafiyar mil 143. Siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, alhali babban dogon Legas zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Saboda haka duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodi a manyan taragu. Sunansa dai na Bauchi, amma ko sau ɗaya bai taka garin Bauchi ba, balle ya nufo gabas. Kuza aka yi shi domin ya kwasa, kuma inda kuza ta ƙare nan ya tsaya. Da babban dogo daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, kuzar ta koma can, ƙaramin jirgi ya ci gaba da jan fasinja da kayan gona har aka rufe shi a 1957.

Ta arewa ma haka aka yi mana. Dogon Kano ya kai Nguru a 1930, a bakin lardin Borno na lokacin, ya tsaya cak. Gyaɗa da fatu da shanu na samuwa a can, to me zai sa a ƙara gaba? Iyayenmu masu fataucin banda da fata daga Yerwa sai sun sha hanya a mota ko da dabbobi kafin su ga tasha. Har yau Nguru ce ƙarshen wannan layi.

Sai a 1958, da Najeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, aka fara jan dogo daga Kuru kusa da Jos. Ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964, wajen mil 400. Shekara 34 ke nan bayan Nguru, shekara 50 cif bayan Bukuru. Garin Bauchi kansa sai a wannan aikin ya fara jin kukan jirgi.

A ganinmu abin da ya fi ciwo shi ne wanda aka daɗe ana jira ma bai dawwama ba. Lalacewar reluwe da rikicin da ya same mu sun tsayar da shi, ciyawa ta cinye layi. Buhun wake ko kwalin kifi da ya kamata ya tafi Kudu a tarago, yau a tirela yake tafiya, kuɗin mota da na shingaye duk a wuyan ɗan kasuwa. A watan Maris na 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa nan akwai sauran tafiya fiye da kilomita dubu.

Duk wanda ke da tsohon tikiti ko hoton tashar Maiduguri a gida, don Allah ya kawo wa sakatare a zama na gaba, muna haɗa su.